Kurar da ta shiga idon ɗana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san zan ɗan ci wuri. Ni tela ne a Agege, ba malamin makaranta ba, rabona da rubuta abin da ya wuce awon wuya da tsawon hannun riga har na manta. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk Bahaushen da ya haifi 'ya'ya a nan Ikko, ko a Idi-Araba yake, ko Obalende, ko Mile 12, ko Alaba Rago, ya san ta ko bai faɗa ba.

Na sauka garin nan a 1998 a bayan motar albasa, da kan keken ɗinkina ɗaure cikin buhu. Nan na yi aure, nan Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu: mai sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi, sai mai sunan mahaifina, Abba, sai Nana, sai Auta. Yarabanci a bakin yaran nan kamar jikokin Oba, Turancin buroka kuwa ko kwandastan danfo albarka. Hausa ce dai suke ji sarai, amma in za su mayar sai ta fito a karkace. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, ina cewa ai a jini take, in sun girma za ta miƙe da kanta.

Babbar Sallar shekara biyu da suka wuce na kwashe su muka tafi gida, wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Kwana biyu da zuwanmu, da la'asar sakaliya, iskar hadari ta taso. Sai ga Abba, lokacin yana da shekara tara, ya shigo tsakar gida a guje yana murza ido, ya faɗa jikin kakarsa ya ce, "Hajiya, kura ya shiga idona!" Gidan cike yake da 'yan yawon Sallah. Aka ɗan yi shiru, sannan aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wani ɗan ƙanena ya ce a nemo gardawa su zo da takunkumi. Ita kanta Hajiya tana hura masa idon tana cewa, "Haba maigida, kura sukutum? To ina ta bar wutsiyar?" Wasan jika da kaka ne, ni ma na dara. Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa masa Mai-kura.

Sauran kwana shida da muka yi, yaron nan bai ƙara buɗe baki da Hausa ba. In an tambaye shi sai ya gyaɗa kai ko ya girgiza, in abin ya matsa ya raɗa wa yayarsa da buroka ta faɗa a madadinsa. A mota muna dawowa, mun wuce Jebba, ya ce da ni da Turanci shi ya gama da Hausa, kuma kada a sake zuwa da shi. Har muka shigo Ibadan maganar tana tsaye mini a wuya.

Da muka dawo sai na kafa doka: duk wanda na ji ya yi wani yare a ɗakina ban da Hausa, gobe ba shi da kuɗin kashewa a makaranta. Mako biyu dokar tana aiki, ɗakin ya yi tsit kamar gidan rasuwa. In suna da hira sai su fice baranda su yi ta da Yarabanci, in na shigo kowa ya kama littafi. Uwarsu ce ta tare ni wani dare ta ce, "Malam, ka lura yaran nan sun daina yi maka magana? Turancin yana nan, kai suka bari." Na so in yi faɗa, sai na tuna wata makarantar kuɗi da muka taɓa sa su, inda ake cin yaro tarar naira hamsin in an kama shi yana banakula, wato yaren gida, har na je ofishin hedimasta na yi ta masifa a kan haka. Ashe ni ma hedimastan na zama a ɗakina, yaren kawai na sauya. Na janye dokar ba sanarwa.

Mafitar ma ba daga gare ni ta zo ba. Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu waje, wayar da suke kallo ta mutu. Uwarsu tana yi wa Auta fifita da murfin kwali, sai ta ce kamar da wasa, "Ƙulun ƙulufit." Nana ta ce, "Mama, mene ne?" Ta ce, "Ke za ki gaya mini. In kin kasa ki ba ni gari." Aka tsaya yi musu bayani: wanda ya kasa sai ya ba mai tambaya gari, in garin ya yi masa ya karɓa ya faɗi amsa, in bai yi masa ba a sake wani. Nana ta ba ta Oshodi. Ta ce Allah ya kiyaye, me za ta yi da hayaniyar 'yan tasha? Aka ba ta Mushin ta ƙi, Ajegunle ta ƙi, sai da aka kai Ikoyi ta ce yauwa, ta shiga Ikoyi, ta hau bene, ta sha iskar ruwa, amsa ita ce gauta. Abba yana gefe ya ba mu baya, wai ba ruwansa. Da aka zo kan "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", sai muka ji daga cikin duhu an ce, "Tsintsiya." Ko kallonsa ban yi ba, don kada in kore shi. Tun ranar kurar, wannan ce kalmar Hausa ta farko da ya furta ba a tilasta shi ba.

Daga nan duk daren da babu wuta ya zama na kacici-kacici, kuma a unguwarmu irin wannan dare ba ya wuya. A nan na gane wasu tambayoyin da muka gada sun tsufa a hanya kafin su iso Legas. Na ce, "Uku-uku gama gari." Nana ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Keke Marwa!" Na ce murhu ne. Ta ce mene ne murhu? Yarinyar da ta buɗe ido ta ga risho da gas da kurfoti, ina ta san duwatsu uku da tukunya a kai? Uwarsu ta shigar mata: "Tsakani da Allah, Malam, a garin nan da murhu da Marwa wanne ya gama gari?" Ni da na zo Buba Marwa yana gwamna, a gabana keken nan mai ƙafa uku ya ci sunansa, ba ni da bakin musu. Amma ranar wani biki a Zango na ja hannunta har inda mata ke tuƙa tuwo a manyan tukwane na ce ƙirga duwatsun. Yanzu amsarta biyu. Haka "Baba na ɗaka, gemu na waje": mu wuta da hayaƙi muka sani, Abba ya ce gidan burodi ne, kuma duk wanda ya taɓa bi ta layin masu gasa burodin Agege da asuba ya san yaron bai yi ƙarya ba.

Da na ga sun ƙware a rabon unguwannin Legas sai na ce daga yau garuruwan Arewa kaɗai ake karɓa. Kano, Kaduna, Kazaure, jakarsu ta ƙare. Suka koma tare masu kawo ɗinki: "Baba, don Allah kai ɗan wane gari ne?" Da haka suka tara Gumel da Illela da Potiskum da Mubi, har Maraɗi da Damagaram, kowane da ɗan labarinsa, domin Bahaushe ba ya faɗin sunan garinsu ya yi shiru. Ni ma tawa jakar ba ta yi nisa ba, goma sha wani abu na iya tunowa, sauran zaman Ikko ya cinye. Na kira ƙanena na ce ya riƙa ɗaukar muryar Hajiya yana turo mana ta WhatsApp. Ranar da na farko ya iso muka kewaye wayar: "Ku gaya wa maigidana, tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. In ya kasa wannan, yaji zan yi." Kwana biyu yana fama, ya ƙi ba da gari, sai mai shayin bakin layinmu ne ya tausaya masa ya shafa ciki ya yi hamma. Da bakinsa ya ɗauki amsar ya tura mata: "Hajiya, yunwa ce, kada ki tafi."

Malam Edita, ban yi karatun harshe ba, amma yaran da na yaye a kan keke sun fi ashirin. Ba a ɗora wa sabon yaro shaddar mutane. Ƙyalle ake tara masa, ragowar yanka, ya yi ta tafiya a kai, layi ya karkace, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye, babu mai zuwa ya yi masa tijara. A kan ƙyallen nan ƙafarsa take sabawa da feda, hannunsa ya san jan yadi. To yaronmu na Legas ba shi da ƙyalle a Hausa. Duk inda zai yi ta shadda ce: gaban baƙo, gaban malamin Islamiyya, gaban dangi a ƙauye, inda kuskure ɗaya zai zame masa suna. Wasan nan shi ne ƙyallen. A cikinsa kalma ɗaya za ta bi ta bakinsa sau goma a dare guda bai sani ba, shi hankalinsa yana kan ya ka da ƙanwarsa. Jin magana daban, lalubo kalma daga ciki daban. Yaranmu suna jin Hausa kullum, dalilin da zai sa su nemo ta da kansu cikin gaggawa ne ba sa samu.

Akwai wani da Nana ta kawo daga makaranta, suna yin sa da Turanci da harafin ƙarshe, muka mayar da shi namu muka sa masa kama-wutsiya. Gaɓar da kalmata ta ƙare da ita, da ita taka za ta fara. In na ce gida, ka ce dawa, na gaba ya ce wake, na gabansa keke. Ba a maimaitawa, wanda aka ƙirga masa goma bai samo ba ya fita. Wata Asabar na ɗauki Abba da Nana za mu Oshodi sarin yadi, danfo ta maƙale a Ikeja Along, gaba ba motsi baya ba motsi, rana kamar ta sauko. Muka fara. Keke ya faɗo kaina na ce kewaye, na san na ɗaure Abba, don kalmar da ta fara da "ye" ba ta da yawa. Nana ta kai bakwai a ƙirga, sai wani dattijo a kujerar baya, da ɗan kwandon goro a cinya, ya miƙo kai ya ce, "Yekuwa, yaro. Ce yekuwa." Abba ya faɗa, sannan ya juya ya ce, "Baba, mece ce ita?" Tsohon ya gyara zama ya ba shi labarin sankira yana zaga gari yana isar da saƙon sarki tun ba a san lasifika ba. Kafin mu kai Oshodi ya shiga wasan tsundum, shi ne ma ya cinye mu, ya sauka yana dariya ya ba yaran goro ɗaya-ɗaya. Da Hajiya ta ji har kacici-kacici muka yi a motar, cewa ta yi wa ya aike mu da rana tsaka, so muke mu ɓace? Na ce Hajiya, a cunkoson Legas ko mutum ya so ɓacewa ba hanya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne juyi. Asalinsa zaurancen da uwarsu suke yi suna 'yan mata don kada manya su gane, a juya kalma gaba ya koma baya. Mu sai muka ce a nemo wadda in an juya ta za ta ba da wata kalmar mai ma'ana. Tafi ta zama fita, gari ya zama riga. Sama, masa. Bari, riba. Rago, gora. Daga, gada. Nama, mana. Gwada ka gani, Malam Edita, sai ka tsinci kanka kana yi kai kaɗai a titi kamar sabon kamu. Auta, mai shekara shida, bai iya nemowa ba, shi ke tafa mana: ta-fi tafi biyu, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. Ban san amfanin abin ya kai haka ba sai ranar da na ba shi canji ya sayo mini zare, na gan shi tsaye a bakin shago yana bin takardar da yatsa yana cewa, "Nai-ra ham-sin." Rubutun Hausa ai yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba irin Turanci ba da za a rubuta harafi a ce kada ka karanta shi. Yaron da kunnensa ya saba yanka kalma gaɓa-gaɓa, ba be bi bo bu ba ta ba shi wuya.

Sai uwa uba, maganar kura. Yarabanci ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, Turanci ma haka, saboda haka kunnen yaron da ya tashi a nan ba ya ma kama bambancin, balle harshe ya fitar. Na ɗauki allin da nake zana yadi na raba teburin yanka gida biyu, hagu mai ƙugiya, dama marar ƙugiya, na ba kowa maɓalli biyar. In na faɗi kalma ka ajiye maɓallinka inda kake gani, in ka dace ka ci ɗaya daga gwangwanina, in ka kuskure na ci naka. Kaya da ƙaya, baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, daka da ɗaka, bare da ɓare. Kura da ƙura na ajiye sai da ya yi mako uku yana cin maɓallai. Da kunne ya buɗe muka koma kan baki. Na ce ya riƙe numfashi kamar zai ɗaga kan keke, sannan ya saki "ka" ba tare da iska ta biyo daga ƙirji ba. Na ɗora yatsansa a maƙogwarona ya ji yadda yake tsalle sama a kan ƙ, ya nutsa ƙasa a kan ɗ da ɓ. Daga nan sai karangiyar da kowa ya sani: "Da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto?" Sau uku a jere ba tuntuɓe, lada tsire tsinke ɗaya. Ni kaina sau biyu na faɗi a gabansu, kuma faɗuwar tawa ta fi tsiren yi musu daɗi. Sharaɗi ɗaya na gindaya: wanda ya tsokani wani da kuskurensa bayan an tashi, maɓallansa duka na hukuma ne.

Na jam'i ba ya son dogon bayani, in ce ɗaya ka ce da yawa: dutse duwatsu, akuya awaki, tunkiya tumaki. A nan Nana ta ce jam'in doki dokoki ne, muka ce ashe majalisa barga ce, daga ranar ba ta sake manta dawaki ba. "Ya" da "ta" kuwa har yau muna fama, domin Bayarabe da kalma ɗaya yake nuna mace da namiji. Na gaya musu yawancin abin da ya ƙare da "a" mace ce, Abba ya jero mini gida da ruwa da nama da suna ya ce waɗannan fa? Na ce su ma haka muka tarar da su.

Kada wani ya ɗauka gaba nake da Yarabanci. Yaren maƙwabtana ne, da shi nake ciniki. Jikokin mai gidan da muke haya, wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, su ma sun shigo da'irar da nasu kacici-kacicin, mai tambaya ya ce "Aalo o", a amsa masa "Aalo". Da su muka ƙirƙiro wasan 'yan uwa, a nemo kalmar da take kusan iri ɗaya a yaren biyu: albasa da alubosa, takarda da takada, lafiya da alafia, Alhamis da Alamisi, fitila kuwa ko can fitila ce. Ranar da na ɗaga almakashina Iya ta leƙo ta taga ta ce "alumogaji", sai da yaran suka yi tsalle. Yawancin kalmomin nan daga Larabci suka taso, malamai da fatake suka yi yawo da su. A nan na samu na gaya wa nawa cewa zaman Hausawa a Agege ba jiya aka fara ba, cinikin goro ne ya zaunar da kakanni kusa da tashar jirgin ƙasa, a kan layin dogon da ya isa Kano tun 1911.

Ba duka ne ya yi kyau ba. Da na ga abin yana ci sai zumuɗi ya ɗebe ni, na sayo littafi mai layi na tsara jadawali, Litinin kaza, Talata kaza, da maki a gefe. Cikin kwana huɗu kowa ya fara ciwon kai bayan isha'i. Littafin yanzu awon mutane nake rubutawa a ciki. Ummi kuwa, mai shekara goma sha biyar, ta ce ita ta wuce wasan yara, kuma gaskiya na makara a kanta. Alƙalanci kawai ta yarda da shi: ita ke ƙirga, ita ke raba gardama, in kalma ta rikice ita ke kiran Hajiya. Ita ta sa mini haruffa masu ƙugiya a waya, ita ce kuma take buga wasiƙar nan ina faɗa, tana tsayar da ni kowane layi tana tambaya mai ƙugiya ce ko marar ƙugiya. Ban taɓa gaya mata wannan ma cikin wasan yake ba sai yanzu da ta buga da hannunta, ga ta nan tana harara ta.

Wani abokin sana'ata ya same mu muna juyi a bakin shago ya ce, "Haba Malam, da furfurarka kana zaurance da yara? Ka sa su hadda mana." Haddar suna yi, wannan bai hana ba. Na tuna masa cewa a 2015 wani ɗan Najeriya, Wellington Jighere, ya je birnin Perth na Ostireliya ya cinye gasar Scrabble ta duniya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Scrabble ɗin mene ne in ba wasan haɗa kalmomi ba? Don an zuba shi a kwali an sa masa kuɗi shi ne ya zama na masu hankali, namu na fatar baki ya zama shiririta?

Tela kunnensa na jikin rediyo, don haka ina bin maganar harshen uwa a makarantu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma aka ce an soke. Masu goyon bayan tsarin suna kafa hujja da gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, Turanci yana darasi guda, kuma suka fi takwarorinsu. Ni dai ko an soke ko ba a soke ba, ɗana a Agege yake. Jihar Legas ta yi dokarta tun 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta, ban kuma ga laifinsu ba, nasu suke tattali. In Abba bai samu Hausa a baranda da danfo da bakin shago ba, ban ga inda zai same ta ba.

To ga roƙona. Jaridarku tana iso mana, yanzu ma ta waya muka fi karanta ta, amma daga siyasa sai tashin hankali sai tsadar kaya, babu abin da zan miƙa wa yaro in ce karanta. Ku ware ɗan lungu ko da faɗin tafin hannu ne, mako-mako: kacici-kacici biyu, karangiya ɗaya, 'yan kalmomin juyi, amsa sai mako na gaba. Tsofaffi su aiko da na garuruwansu tun suna raye, domin na Sakkwato daban, na Haɗeja daban. A karɓi sababbin da yara suka ƙirƙira a buga da sunan unguwarsu. Yaron da ya ga tambayarsa a jarida ba sai an roƙe shi ya karanta shafin ba. Don Allah kuma a riƙa sa wa haruffa ƙugiyarsu. Ba daɗi in kwana ina koya wa yaro bambancin kasa da ƙasa, gari ya waye ya nuna mini an rubuta "shugaban kasa" ya ce, "Baba, me ya kasa?" Masu shirya Ranar Hausa ta 26 ga Agusta a nan Legas su ma, bayan jawabai, a ba yara rabin awa su kara da juna a gaban Sarkin Hausawa. 'Yan uwa na gida kuma, in ɗan Ikko ya zo hutu ya kwaɓa, ba a hana ku dariya ba, amma in kun gama ku matsa masa a tabarma.

Sallar bana mun koma, kuma da ƙafarsa ya shiga mota. Sunan Mai-kura yana nan daram, har yanzu in ya yi sauri "ya" takan kufce masa a wurin "ta". Amma daren farko ya yi musu kwaɗo da ƙato sau uku bai yi tuntuɓe ba, sannan ya jefa musu tasa, wadda ya ƙirƙira da kansa a Ikeja Along. Duk gidan aka rasa mai amsawa, Hajiya ta ba shi Kazaure ya ƙi, Daura ya ƙi, ya ce sai Makka. Ya ce in sa ta a wasiƙar nan, ga ta: "Rawaya mai baƙar ɗamara, bakinta a haƙarƙari, ta haɗiye mutane ta amayar, ɗanta na rataye yana kiran sunan unguwa." Mutanen Legas ku yi shiru, ba da ku ake ba. Wanda ya kasa ya aiko da gari ta hannun Edita, amma ya ce in faɗa tun yanzu, ba ya karɓar Oshodi.

Naku,
Baban Ummi,
Agege, Legas.